Rigar da Na Sa wa Ɗan Majalisa

Ni dillaliya ce. Kafin a kawo ni Amurka na fi shekara talatin ina shiga gidaje a cikin birnin Kano da ƙunshin kaya a ka, atamfa da leshi da zannuwan saƙi, wani lokaci har da rigunan maza idan magada sun rasa yadda za su yi da su. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa komai ba. Miƙo mini yadi idona a rufe, in gaya maka inda aka saƙa shi da abin da zai yi a kasuwa. Na fara da wannan ne don kada a ce tsufa ne ya sa na yi abin da na yi. Sana'ata ce ta sa. Ina faɗa ne surukata tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini ko kalma.

Ɗana na fari, wanda nake kira Likita tunda bakina ba ya kama sunansa, shi ya ɗauko mu ni da maigidana Alhaji ya ajiye mu a gidansa a Mitchellville. Da rana kowa ya tafi aiki, unguwa ta yi tsit. Ni kuwa ban iya zaman ɗaki kamar mai jego ba, sai in ɗaga ƙofar gareji in shimfiɗa tabarma.

A nan ya same ni. Lokacin zafi ne, ina yanka kuɓewa zan shanya, sai ga wani dogon mutum, baƙar fata ɗan ƙasar nan, rigarsa ta jiƙe sharkaf, hannunsa cike da takardu masu hotonsa. Ya yi ta magana, ban ji ko ɗaya ba. Na dai ga mutum ya sha rana. Na nuna masa kujera, na ɗebo masa zoɓo mai sanyi. Ya shanye ya leƙa cikin kofin, na ƙaro. Alhaji, da ya tsinci Turanci a aikin reluwe, ya fito ya saurare shi, ya ce mini, "Ƙuri'a yake nema. Majalisar jiha yake son shiga."

Na ce, "Da ƙafa? Shi kaɗai? Ina 'yan rakiya, ina motar lasifika?"

"Haka suke yi a nan."

"To gaya masa ƙuri'a dai ba mu da ita tukuna, amma akwai tuwo."

Ya zauna ya ci. Da cokali ya fara. Da ya ga yadda Alhaji ke yi sai ya ajiye cokalin ya nemi ruwan wanke hannu, miyar kuka tana bin gwiwar hannunsa yana dariya. Tun ranar nake ce masa Ɗan Majalisa, tun bai zama ba. Shi kuma yana ce mini Mama.

Ya ci zaɓen. Na ce shi ke nan, ba za mu ƙara ganin ƙeyarsa ba, don na san 'yan siyasa. Sai ga shi ya dawo, ba kuma lokacin zaɓe kaɗai ba. Yakan tsaya a bakin gareji ya ce, "Mama, zoɓo?" Kalmar da ya iya ke nan, sai "na gode". Da muka sami takardar zama 'yan ƙasa, ba wurin suna ko walima da zan je ban tsare mata ba. Duk wadda gidanta ya faɗo cikin mazaɓarsa sai na ji daga bakinta cewa ta fita ta jefa masa. Likita ne ke kawo mini labarin hawansa. Yau ya ce an sa shi cikin wani kwamiti, bayan wasu shekaru ya ce shi ne shugaban kwamitin. Nakan ce, "Tuwona ne."

Sai Alhaji ya rasu, cikin tsakiyar sanyi. Kwana biyu gawarsa tana ajiye ana neman takardu da gurbi. Ni da na saba a yi mutuwa da safe kafin azahar an dawo daga maƙabarta, na zauna ina karɓar gaisuwa mijina yana cikin firij. A ƙarshe aka samu wani lungu da aka ware wa Musulmi a wata maƙabarta can gaba da Manassas. Tafiya ce mai nisa, in an taki cunkoso rabin yini ya tafi.

Ɗan Majalisa ya zo ta'aziyya. Ya cire takalmi ya zauna a ƙasa cikin maza, dogayen ƙafafun nan ya rasa inda zai kai su. Da zai tafi na sa aka kira mini shi bakin ƙofar ɗakin mata. Na ce wa Likita, "Gaya masa ni ba na son a yi mini abin da aka yi wa ubanka. A binne ni ranar da na mutu, a wurin mutanenmu, inda jikokina za su iya zuwa." Dama mazanmu sun daɗe da samun wani fili nan kusa, mai filin ya yarda zai jira su, amma akwai wata doka da sai an gyara a majalisa kafin a ba da izinin yin maƙabarta a irin wurin. Ɗan Majalisa bai yi mini alkawari ba. Ya ce zai ɗauki takardar gyaran dokar da hannunsa, amma abu ne mai cin lokaci, kuma sai mai ƙarfi a majalisa ke iya tura irinta.

Ƙarfin ya zo. Wata rana Likita ya shigo da waya a hannu yana nuna mini hoto, ya ce, "Inna, mutuminki ya zama shugaban 'yan jam'iyyarsa a majalisa. Yanzu shi ke cewa wace takarda za a duba, wacce za ta jira." Na yi guɗa ni kaɗai a kicin. Na ce maƙabarta ta samu.

Mutanenmu suka kama zaure suka shirya masa walima. A wurinmu in mutum ya sami girma ba a zuwa masa hannu biyu. Na buɗe akwatina na fito da rigar Alhaji. Rigar tsamiya ce, saƙar hannu, aikin aska takwas. Ni na sa aka yi masa ita tun muna Kano, ni na zaɓi masaƙin, ni na zaɓi mai aikin. Alhaji ya ce zai sa ta ranar da muka koma gida. Bai taɓa sa ta ba.

Likita ya gan ni ina naɗe ta, ya ce, "Inna, a nan akwai doka a kan ba 'yan majalisa kyauta."

Na ce, "Doka ta hana uwa ta ba ɗanta riga?"

"Ba haka ba ne, Inna, amma..."

"Kai ka ba ni ita da za ka hana ni bayarwa?"

Ya kauce ya ba ni wuri. Haka na rene shi.

A zauren, bayan an ci an sha an yi jawabai, na tashi da rigar na nufi inda yake. Na warware ta a gaban jama'a. Ya ɗaga hannu biyu yana murmushi yana ja da baya, yana gaya wa Likita wani abu. Na gane ƙi yake yi, na ɗauka irin ƙin da kowa ke yi ne kafin ya karɓa. Na ce abin da kowane mai bayarwa ke cewa, "Ba yawa. Wata 'yar tsohuwar riga ce ta ajiya, ba komai ba ce." Likita ya juya masa da Turanci. Ɗan Majalisa ya dubi zauren, kowa ya zuba ido. Ya dube ni. Sai ya sunkuyar da kai, na sa masa. Ta zauna masa kamar don shi aka yanka. Mata suka ɗauki guɗa, wayoyi suka tashi sama.

Ashe akwai fom da 'yan majalisa suke cikewa na duk abin da aka ba su. Ya rubuta abin da na faɗa: tsohuwar riga, ba ta da wani kuɗi.

Watanni suka wuce. Takardar maƙabarta ta taso, saura kaɗan a kaɗa mata ƙuri'a, sai masu neman kujerarsa suka tono hoton walima suka kai ƙara. Suka ce ya karɓi kaya mai tsada daga mutanen da maganarsu ke hannunsa, ya kuma ɓoye. Aka ce za a turo mai bincike ta ji daga bakina.

Likita ya zaunar da ni, ya ce, "Inna, abin da aka tambaye ki shi za ki amsa, ki tsaya. Tsohuwar riga ce ta Baba, kin ba shi don yana gaishe ki. Shi ke nan."

Na ce, "Ni za ka koya wa magana?"

Da safen da za ta zo aka kira shi asibiti. Ya rage daga ni sai surukata, ita ma aka ce ba ita za ta yi tafinta ba, tunda 'yar gida ce. Matar ta zo, 'yar siririya mai ladabi, ta cire takalmi ba a ce mata ba. Ta ajiye waya a kan tebur, wani mutum ya yi sallama daga ciki, shi ne tafinta. Daga jin bakinsa na san mutumin Maraɗi ne. Muka gaisa, na tambaye shi iyali.

Sai ta buɗe wata leda ta fito da rigar. An cukuikuye ta, an liƙa mata 'yar takarda a wuya. Ta ɗaga ta da yatsu biyu. Tafinta ya ce, "Hajiya, tana cewa an rubuta wannan tsohon kaya ne wanda aka riga aka sa, ba shi da wata daraja. Haka ne?"

Da "haka ne" kawai na ce, da yanzu ba na ba da wannan labari. Amma rigar Alhaji ce a yatsun baƙuwa, ana kiranta gwanjo. Kuma a kaina, in na ce gwanjo ce, na ce ke nan gwanjo na ga ya dace da shugaba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na karɓe ta na shimfiɗa a kan kujera na gyara mata kafaɗu. Na ce, "Gaya mata ta kawo hannunta." Na ɗora hannunta a kan saƙar. Na ce wannan tsamiya ce, ba zaren kanti ba. Na nuna mata askar nan takwas ɗaya bayan ɗaya, na juya mata ciki ta ga ba bakin zare ko ɗaya. Na ce mai aikin ya shekara a kanta, kuma ya rasu, masaƙin ma ya rasu, ko da buhun kuɗi ka shiga Kano yau ba ka samun irinta. Ba a taɓa sa ta ba sai a wuyan Ɗan Majalisa. Bakina ya buɗe kamar ina tsakar gidan wata Hajiya mai aurar da 'ya. Na leƙa taga na ce, "Ta fi motar da ta zo da ita."

Tafinta ya ce, "Hajiya, in faɗa har da motar?"

Na ce, "Faɗa. Kada ka rage mini komai."

Ya faɗa. Matar tana ta rubutu. Sai ta tambaya me ya sa na ba shi abu mai daraja haka.

Na ce, "Ikon Allah. Mutumin da ya ɗauki maganar maƙabartarmu a kansa? Mutum yana yi maka aiki ka bar shi haka?"

Surukata ta ce, "Inna!" Na harare ta. Tafinta bai ƙara tambayata ba, ya juya mata da Turanci.

Da matar za ta tafi na ƙulla mata dambun nama a leda. Ta ƙi. Na matsa, ta ƙi, har ta sa hannunta a baya. Na ce a raina wannan ba ta da tarbiyya. Ko a nan ban gane ba. Na yini ina jin daɗi, na ɗaga darajar rigar mijina, na ɗaga darajar ɗana Ɗan Majalisa.

Likita ya dawo da la'asar, surukata ta tare shi a ƙofa. Ya zauna a kan matakala da takalmansa a ƙafa. Sannan ya ce, "Inna, kin san abin da kika sayar yau?"

Ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda yake yi wa marasa lafiya. Tsadar da na yi wa rigar ta mai da abin da Ɗan Majalisa ya rubuta ƙarya. Dalilin da na bayar kuma ya mai da kyautata cin hanci. Ni da bakina, da shaidar tafinta.

Na ce, "Hanci? A gaban mutum ɗari? Wa ke ba da hanci ana guɗa?"



Maganar ta shiga jarida, da hoton, har da motar. Ɗan Majalisa ya fara da cire hannunsa daga takardar maƙabarta. Mutanen jam'iyyarsa suka ga zaɓe na tafe, suka fara ja da baya. Ba a ma gama binciken ba ya sauka daga shugabancin, ya koma kujerar da ya fara zama. Matan da nake tsarewa a wurin suna suka koma gaishe ni a tsaitsaye. Wata da na san uwarta ta ce a bayana, da ƙarfi don in ji, "Dillanci dai har Amurka."

Na ce wa Likita ya kai ni in gyara. Ya nemi izini, aka ba mu rana, ya tuƙa ni zuwa garin da majalisar take. A mota na shirya zan ce gwanjo ce, na yi ta maimaitawa a raina. Muka shiga wani ɗaki mai dogon tebur, mutane a jere, rigar tana gabansu a cikin ledarta. Aka sa na yi rantsuwa. Aka ce wanne ne gaskiya, abin da na gaya wa Ɗan Majalisa ko abin da na gaya wa mai bincike?

Bayan rantsuwa ban iya cewa gwanjo ba. Na ce, "Maganar mota ƙari ne, irin na masu sana'ata. Amma riga mai tsada ce. Shi bai sani ba. Ni na ce masa ba komai ba ce."

Wani mai farin gashi ya tambaya, to me ya sa na ce masa haka alhali na san ba haka ba ne?

Na ce, "Haka ake bayarwa. Wanda ya ba ka abu yana faɗin kuɗinsa ai bai ba ka ba."

Ya ce, to me ya sa na faɗa wa mai bincike?

Na ce, "Ita ba ba ta nake yi ba. Tambayata ta yi."

Suka dubi juna. Na ga sun gane, na kuma ga ganewar ba za ta mayar da komai ba. Daga baya suka fitar da cewa bai ɓoye da gangan ba, amma bai kamata ya karɓa ba, ya mayar da rigar ga mai ita. Kafin nan wani ya riga ya zauna a kujerar shugabanci. Ba mugu ba ne, an ce, amma bai san mu ba, kuma ba mai son taɓa takardar da ta kayar da wani. Mai fili ya gaji da jira ya sayar wa masu gina gidaje.

Da zafi ya dawo ina gareji sai na hango shi tafe da ƙafa, da leda a hannu. Furfura ta fito masa. Na rasa inda zan sa idona, na ƙwala wa surukata kira ta zo ta tsaya tsakaninmu.

Ya ce, "Mama, zoɓo?"

Na kawo masa. Ban da Alhaji ban taɓa ba wani namiji haƙuri ba, amma na ce, "Gaya masa ya yafe mini. Ni na sauke shi."

Ya girgiza kai. Ya ce tun a zauren ya san bai kamata ya karɓa ba, ya fi kowa sanin dokar, da hannunsa aka gyara ta. Ya ce fuskata ya duba, ya ga in ya ƙi a gaban mutanen nan ba zan ƙara ɗaga kai a cikinsu ba. Sai ya miƙo ledar.

Na ce, "Ba a mayar mini da kyauta. Ban taɓa karɓa ba."

Surukata ta juya masa, ya amsa, ta ce, "Inna, ya ce in ba ki karɓa ba wata sabuwar ƙarar ce a kansa. Har sai kin sa hannu a takarda cewa ta dawo."

Na karɓa. Na dangwala inda aka nuna mini. Na fito da rigar na ga sun karya mata wuya wajen naɗi, na shimfiɗa ta a tabarma na sake naɗewa, ya durƙusa ya riƙe mini gefe ɗaya. Ya ce yana neman ƙaramar kujerarsa kuma, gida gida yake bi kamar farko, bai san ko zai samu ba. Maganar maƙabarta bai tayar ba, ni ma ban tayar ba. Na ce ya tsaya ya ci tuwo. Ya yi dariya, ya ce tuwo dai doka ba ta hana ba, amma yana da sauran gidaje. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

Da Likita ya dawo na ce masa ya buga wa mutanen maƙabartar can gaba da Manassas, ya tambaya ko gurbin da ke kusa da na ubansa yana nan. Ya ce, "Inna, ai da sauran lokaci." Na ce ya buga dai. Ya buga washegari. Suka ce na kusa da shi an riga an sa wani, amma akwai ɗaya a layi na gaba. Na ce a kama mini.